Ruwa ya kwana biyu a kan daben katako: a goge, a tone, ko a jira?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani ku taimaka mini. Mun yi tafiya ranar Juma'a da yamma, muka dawo Lahadi da rana, ina buɗe ƙofa sai na ji ƙafata tsamo-tsamo cikin ruwa. Ashe tiyon injin wanki ne ya fashe daga inda ake ɗaura shi a famfo, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe yake zuba. Ruwan ya gangaro har falo, falon kuwa daben katako ne, katako na gaske. Mun kwashe ruwan da mofa da tawul har dare. Yau kwana huɗu, sama ya bushe ƙarau, amma falankan sun lanƙwashe: gefunan sun tashi, tsakiyar ta lotsa, in ka taka ba takalmi sai ka ji tudu da kwari. Maigidan ya ce a kira mai injin gogewa, wato mai kankare saman katako, ranar Asabar ya daidaita shi, a sake shafa masa mai. Ni dai raina bai kwanta ba.

Ɗan Haya: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Gaskiya katakon da ya sha ruwa kwana biyu ya gama yawo. Ku tone shi ku sa tayil ku huta.

Anti Talatu Mai Kafet: Kai kuma daga zuwa sai tonewa? Mutum ya kawo ciwon kai ka ce a sare kan?

Baba Kafinta: Wa alaikumus salam 'yata. Abu ɗaya zan fara roƙonki: ki hana mai injin nan zuwa ranar Asabar. Ko kun ba shi kafin alƙalami, ku bar masa. Ga dalili. Saman da kike gani ya bushe, shi kaɗai ne ya bushe. Ruwan ya bi ta tsakanin falankan ya sauka ƙasa, kuma ƙasan falanki ba a shafa masa komai, tsirara yake, shi ya sa ya fi saman shan ruwa. Ƙasa ya kumbura ya faɗaɗa, sama yana nan yadda yake, dole gefunan su ɗaga kamar kwale-kwale. In aka sa inji yanzu, gefunan da suka tashi za a aske. Ranar za ki ga dabe sumul kamar madubi, ki yi ta sa albarka. Bayan wata biyu ko uku ƙasan ya bushe, falankin ya koma yadda Allah ya yi shi, sai gefunan da aka aske su faɗa ƙasa, tsakiya ta yi tozo. Wannan kuma ba ya gyaruwa da jira, don katakon da aka aske ya tafi ke nan.

Mai Kallo: Baba ya faɗi gaskiya, a kaina aka yi. Bututun bayan firji ne ya yi mana haka shekarun baya. Sati biyu kacal na jira na kira mai gogewa. Bai ce mini komai ba, ya yi aikinsa ya karɓi kuɗinsa. Kafin wata uku kowane falanki ya yi doro, da rana in haske ya shigo ta taga sai ka ga daben kamar kunyoyin gona. Sai da aka sake gogewa karo na biyu, kuma aka ce mini kada in sake, kaurin ya kusa ƙarewa.

Maman Biyu: Innalillahi. Bari in tura wa maigidan wannan yanzu-yanzu. To Baba, zama kawai za mu yi muna kallonsa?

Baba Kafinta: A'a, akwai aiki, ba dai aikin inji ba ne. Amma ki fara amsa mini: ruwan na famfo ne mai tsabta, ko wanda injin ya wanke kaya ya zubar? Me ke ƙarƙashin katakon, siminti ne ko wani katakon? Da ƙusa aka kafa shi ko da gam? Akwai wurin da falanki ya ɓalle ya tashi sama gaba ɗaya?

Maman Biyu: Na famfo ne, tiyon da ke shigar da ruwa. Maigidan ya ce siminti ne a ƙasa, aka shimfiɗa filawud (allon katako mai hawa-hawa), sannan aka kafa katakon da ƙusa. Babu wanda ya ɓalle tukuna, amma kusa da ƙofar falo akwai guda uku da suke motsi suna ƙara in an taka.

Injiniya: Kin yi sa'a ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma sai haƙuri. Sa'ar ita ce ruwan mai tsabta ne. Masu aikin busar da gidaje sun kasa ruwa kashi uku: mai tsabta kamar na famfo, mai ɗan ƙazanta kamar wanda injin wanki ya zubar, da kuma na masai ko ambaliya daga waje. Na ukun nan in ya shiga ƙarƙashin dabe ba maganar shanya ake yi ba, cirewa ake yi saboda lafiya. Da a ce shi ne, da na bi bayan Ɗan Haya.

Ɓangaren haƙurin kuwa shi ne tsarin daben naki hawa uku ne. Filawud ya sha ruwa, siminti ma ya sha, kuma siminti a hankali yake sakin danshi. Ke kina busar da sama, shi yana shayar da katakon daga ƙasa. Ga kuma man sheƙin da ke sama ya toshe hanyar fita. Shi ya sa abin yake ɗaukar makonni, wani lokaci watanni.

Abin da za ku yi yau: ku ɗage duk kafet da darduma, ku janye kujeru daga wurin. Ku ɓalle siririn katakon nan da ke bin gindin bango, a hankali don a mayar da shi daga baya. A bayansa akwai rata da aka bari tsakanin dabe da bango, ita ce ƙofar da danshin ƙasa zai fita. Ku kunna fanka tana kaɗa iska a kan daben dare da rana, ku samo na'urar tsotse danshi, ko da ta haya ce, ku rufe tagogi in tana aiki. In kuna da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ku kunna, shi ma yana rage danshin ɗaki. Kafin komai kuma ku duba ko ruwa ya taɓa soket ko wayar da ke ƙasa. In ya taɓa, a kashe wutar ɓangaren har mai gyaran wuta ya duba.

Ɗan Haya: Duk wannan wahalar? Ai in bushewa ake so, a kawo hita biyu a kunna su ƙarshe a rufe ƙofa, kwana biyu an gama.

Baba Kafinta: Ɗana, ka taɓa ganin falankin da aka yasar a rana tsaka? Baki yake buɗewa. Zafi mai yawa saman yake ƙonawa ya tsuke da sauri, cikin yana nan a kumbure, sai fuskar ta tsattsage. Lanƙwasa tana iya komawa, tsaga ba ta haɗewa. Ɗumi kaɗan na ɗaki ba laifi, yana ma taimaka wa na'urar, amma ba gashi ba.

Ɗan Haya: Baba ni fa ban raina sana'arka ba, Allah ya ƙara girma. Amma ku masu katako kullum sai ku ce a jira. Matar nan tana da yara, za ta yi wata uku falonta a hargitse, fanka na ruri, kuɗin wuta na hawa, ƙarshe kuma a ce bai gyaru ba a cire. Wa zai biya ta wannan lokacin?

Baba Kafinta: Maganarka tana da hujja, ban ƙi ba. Ba kowane dabe ake cetowa ba. In falankai sun ɓalle daga ƙusa sun yi tanti, ko filawud ɗin ƙasa ya rarrabu hawa-hawa ya yi laushi, wannan sai cirewa. Amma nata bai kai nan ba. Kuma ko tonewar za a yi, ba a kafa sabon dabe a kan jiƙaƙƙen ƙasa, sai an jira shi ma ya bushe. Ka ga jiran nan ba inda za ta kauce masa.

Malamin Kimiyya: Bari in sa baki da lissafi, don wasu su ga me ya sa ratar gindin bango take da muhimmanci. Katako ba ya kumbura a tsawonsa sai abin da ba a rasa ba, a faɗinsa yake kumbura. Daben katako a cikin gida yawanci danshinsa yana tsakanin kashi 6 zuwa 9 cikin 100 na nauyinsa. Duk lokacin da danshin ya ƙaru da maki ɗaya, faɗin falanki yana ƙaruwa da kamar kashi 0.2 zuwa 0.4 cikin 100, ya danganta da irin itacen da yadda aka tsaga shi. Mu ɗauki 0.3. Falo mai faɗin mita 4, danshi ya hau da maki 5: a takarda daben yana neman ƙarin santimita 6. Ratar da ake bari a kowane bango kuwa ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. Ƙusoshi suna riƙe wani abu, falankai suna matse juna su shanye wani abu, amma in rata ta cike, sauran ƙarfin ba shi da inda za shi sai sama. Lokacin ne ake ganin dabe ya yi tudu a tsakar ɗaki. Saboda haka Hajiya, in kun ɓalle katakon gindin bango, ki leƙa ki ga ko daben ya riga ya dafe da bango.

Maman Biyu: Mun ɓalle. Ta gefen taga akwai rata, yatsana yana shiga. Ta gefen ƙofa kuwa ya manne da bango, ko wuƙa ba ta shiga. Kuma wani wari ya taso kamar na tsohon tsumma.

Baba Kafinta: To a nan za a yi ɗan tiyata. Ku sami kafinta mai hankali ya cire layin falanki na ƙarshe da ya dafe da bangon, tare da ukun nan masu motsi. Abu biyu za ki samu: daben ya sami wurin numfashi, iska kuma ta sami hanyar shiga ƙasa. Ku juya fanka ɗaya tana hura cikin ramin. Falankan da aka cire kada a jefar, a rubuta musu lamba a bayansu, a jera su a kwance a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a kai. Sau da yawa ana mayar da su, kuma samun sabo mai launi ɗaya da tsoho aiki ne.

Uwar Marayu: Ni warin nan ne ya tayar mini da hankali. 'Yar'uwa, akwai jariri a gidan ko mai asma?

Maman Biyu: Ƙaramin yana da wata goma, rarrafe yake yi.

Uwar Marayu: To ki hana shi falon nan gaba ɗaya sai an buɗe an ga abin da ke ƙasa. Fumfuna ba ta jira, cikin awa 24 zuwa 48 take fara kama abin da ya jiƙe, ku kuwa kun wuce haka. In kafinta ya ɗaga falanki kuka ga baƙi-baƙi ko kore-kore a kan filawud, ɗan kaɗan ana iya wankewa da ruwan sabulu da buroshi a busar, da safar hannu da takunkumi. In ya yi faɗi ku kira masu aikin. Kuma don girman Allah kada wani ya ba ki shawarar gauraya bilic (sinadarin sa kaya fari) da wani maganin wanki, musamman mai amoniya. Iskar da ke tashi guba ce.

Anti Talatu Mai Kafet: Ni ruwan khal nake goge nawa da shi, yana kashe wari.

Injiniya: Anti, khal yana dusashe sheƙin dabe in ana yawan sa shi, kuma warin nata daga ƙasa yake tasowa, inda tsumma ba ya kaiwa. Ƙara ruwa ne kawai a kan wanda ake neman korewa. Haka mofa mai tururi, wannan ma a nisanta ta da katako ko lafiya lau yake.

Hajiya, abin da nake so ki saya ko ki aro shi ne mitar auna danshin katako. Akwai mai allura biyu da ake cakawa, akwai wadda ake ɗorawa kawai. Ki fara auna wani ɗaki ko wata kusurwa da ruwa bai kai ba, wannan shi ne ma'auninki. Sai ki zaɓi wurare biyar ko shida a inda ya jiƙe, ki manna ɗan salatif a kowanne don ki riƙa komawa wuri ɗaya, ki auna duk bayan kwana biyu ki rubuta. Ki auna filawud ɗin ma ta ramin da aka buɗe. Muddin katako yana sama da 20 cikin 100, ruɓa tana iya kama shi, don haka saukar da shi ƙasa da nan shi ne na gaggawa. Maganar gogewa kuwa ba ta tasowa sai lambobin sun dawo kusa da na busasshen wurin, sun kuma tsaya cak sati biyu ko fiye ba sa sauka. Masu kafa dabe ba sa son bambancin danshi tsakanin falanki da abin da ke ƙarƙashinsa ya wuce maki 4, in falankan masu faɗi ne ma maki 2. Danshin iskar ɗakin kuma a riƙe shi tsakanin 30 da 50 cikin 100.

Mai Kallo: Da na san da mitar nan a lokacin, da ban yi asarar da na yi ba. Tafin hannu na sa na ji ya bushe.

Sabon Ango: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Nawa ma ya jiƙe a bakin banɗaki, amma gefunan sun kumbura kamar jiƙaƙƙen kwali. Shi ma in jira?

Baba Kafinta: Ango, kankare gefen da farce. In ka ga abu kamar garin katako da aka matse, laminet ne, hoton katako ne aka manna a kan allon gari. Wannan in ya kumbura ya kumbura ke nan, ba ya komawa, ba a kuma goge shi. Ka cire waɗanda suka lalace ka sa wasu. Akwai kuma na tsakiya, wanda fuskarsa katakon gaske ne amma siriri, ƙasansa hawa-hawa. Shi bai cika lanƙwasa kamar na Hajiya ba, amma in ruwa ya daɗe gam ɗin yana saki, fuskar ta ɗaye. Na Hajiya gundarin katako ne, yawanci kaurinsa milimita 19, kuma abin da ake iya gogewa a rayuwarsa duka shi ne kamar milimita 6 da ke saman harshen da ke shiga cikin ɗan'uwansa. Shi ya sa nake rowar kowace gogewa.

Mai Lissafi: Ba wanda ya ambaci wannan: in gidan yana da inshora, ko kuma haya kuke, ki ɗauki hotuna da bidiyo kafin kafinta ya taɓa komai, ki ajiye fasasshen tiyon kada ki yar. Galibi ana bambanta ɓarnar da ta faru farat ɗaya da yoyon da aka daɗe ana gani aka ƙyale, kuma tiyon shi ne shaidarki. Ki sanar da su da wuri.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, na ciro shi daga kwandon shara. Ga labari: yau kwana tara. Kafinta ya zo ya cire layi ɗaya da ukun nan. Filawud ɗin a jiƙe yake sharkaf amma bai yi laushi ba, fumfuna kaɗan ce a kusurwa, an wanke. Mun samo mita. Ɗakin barci yana nuna 9, tsakiyar falo 17, bakin ƙofa 22. Na'urar tsotse danshi tana cika tankinta sau biyu a rana, abin har mamaki yake ba ni, ina ruwan nan yake fitowa? Sai dai wani sabon abu: ɗigo-ɗigon baƙi sun fito a wasu falankai, da wani baƙin zobe a inda ƙafar teburin ƙarfe ta zauna.

Malamin Kimiyya: Wannan zoben ba fumfuna ba ne. Wasu itatuwa suna da sinadarin tanin da yawa, irin wanda ake jima fata da shi. In tanin ya haɗu da ƙarfe da ruwa sai ya koma baƙi kamar tawada. Ɗigon ma in kin lura a jere suke a inda ƙusoshi suke, dalilin ɗaya ne. Ana cire shi da sinadarin okzalik asid, amma sai an goge man saman tukuna, don haka ki bar shi sai ranar gogewa, kuma mai aikin ya yi da kariya don yana ƙuna. Farin tabo kamar hazo kuwa, in kin gani, danshi ne ya maƙale a cikin man sheƙin, sau da yawa yana washewa da kansa.

Ɗan Haya: 22 a bakin ƙofa bayan kwana tara. Ni dai ina nan ina kallo.

Anti Talatu Mai Kafet: Ka dai yi ta kallon, ba a ce ka kawo hita ba.

Injiniya: In bayan sati biyu lambar bakin ƙofa ta ƙi sauka, akwai masu shimfiɗa wata tabarma ta roba a kan daben su haɗa ta da injin tsotsa, tana jan danshi ta tsakanin falankai. Sannan ki gwada simintin in akwai inda ya bayyana: ki manna leda kamar rabin mita kowane gefe, ki like gefunan da salatif, ki bar ta ta kwana. In da safe ƙasanta ya yi raɓa ko simintin ya yi duhu, har yanzu yana fitar da ruwa. Rashin raɓa ba ya tabbatar da cewa ya bushe, amma ganinta ya isa ya ce kada a rufe ramin.

Maman Biyu: Salamu alaikum, na dawo da rahoto, sati bakwai ke nan. Tsakiyar falo 10, bakin ƙofa 12, filawud 13. Lanƙwasar tsakiyar falo ta kwanta da kanta, sai ka sa hannu sannan ka ji ɗan alama. Bakin ƙofa da saura. Cikin ukun da aka cire biyu sun miƙe, ɗaya ya murɗe, kafinta ya ce sai sabo. Abin da ban gane ba, yanzu kuma rata ce ta fito tsakanin wasu falankai, wata har katin waya yana shiga. Maigidan ya ce a cike su da abin cike rami kafin a goge.

Baba Kafinta: Madalla 'yata. Ratar nan ta matsin da suka yi wa juna ce lokacin da suka kumbura, gefunan sun ɗan danne, da suka bushe sai ba su cika wurinsu ba. Ki ce wa maigida ya dakata da cikewar, in aka cike yanzu daben yana kan motsi, abin zai farfashe ya zubo. Ku ci gaba da awo. Bakin ƙofa ya sauko kusa da 10 ya zauna a nan sati biyu, sannan a mayar da falankan, a cike manyan ratar, a goge sau ɗaya. Sabon falankin da za a saya a kawo shi yanzu a ajiye a cikin falon ya saba da iskar ɗakin kafin a kafa.

Ɗan Haya: To Baba, na sauke hula. Amma Hajiya tiyon fa, an sake mai kyau?

Maman Biyu: An sa mai saƙar ƙarfe a jiki, kuma yanzu ko kwana ɗaya za mu yi a waje sai na rufe famfon bayan injin da hannuna. Baba, sabon falankin kwana nawa zai yi a falon kafin a kafa shi?

Baba Kafinta: Ba kwana ake ƙirgawa ba, ki sa masa mitar shi ma. Ranar da lambarsa ta zo ɗaya da ta maƙwabtansa, ki kira kafintan.